Motar Gwajin Maigidana

Maigidana ya bar aikin soja ya dawo Zuru da akwatin guduma iri-iri da ciwon gwiwa. A bariki aikinsa gyaran jikin motoci ne. Wadda ta yi karo a kawo masa ita a lauye, ya yi ta bubbuga ta har ta koma kamanninta. Da muka dawo gida sai ya kafa rumfar kwano a bayan gidanmu na Rikoto ya ci gaba da sana'arsa. Ni tela ce, kekena yana baranda, daga nan nake hango shi ta ƙofar baya. Yaranmu duk sun watse. Babban ya bi sawun ubansa ya shiga soja, matan suna gidajen aurensu. Mu biyu muka rage a gidan.

Abin ya faro ne ranar da aka kawo surukata asibiti. Tsohuwa ce tukuf, tana zaune da ƙanen maigidana a ƙauyensu, can bayan Dabai a kan tudu. Ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya karye. Mota ba ta hawa ƙauyen, hanyar duwatsu ce mai ƙunci, babur kaɗai ke bin ta. Sai aka ɗora ta a kan babur tsakanin mai tuƙi da ƙanen mijina, aka ɗaure ta da zane a bayan mai tuƙin. Muna tsaye a ƙofar asibiti suka iso. Muryarta ta riga ta dushe don kuka, bakinta kawai ke buɗewa yana rufewa. Maigidana ne ya kwance zanen da hannunsa. Likita ya ce jijjigar hanya ta ɓata karayar fiye da faɗuwar kanta. Ba ta ƙara taka ƙasa ba har Allah ya ɗauke ta.

Bayan mun share makoki sai na lura ya rage karɓar aikin mutane. Yakan zauna a rumfa da alli yana zane a ƙasan siminti, ya goge da ƙafa, ya sake. Da na tambaye shi sai ya ce so yake ya ƙera abin hawa da zai iya hawa ƙauyensu ya sauko da mutum a kwance. Ba inji zai ƙera ba, injin akwai shi. Irin kekunan nan masu ƙafa uku na dakon kaya zai samu, ya cire akwatin bayan, ya gina masa sabon bodi mai gado a ciki da wurin zaman mai jinya da rufi saboda ruwa da rana.

Maƙwabcinmu, wani Ibo mai shagon kayan babur wanda ya tsufa a Zuru har Hausarsa ta fi tawa gudu, shi ya samo masa tsohon keken. Ban san yadda suka ƙare ba, na dai ga an turo shi wata rana da hantsi, ba fitila, ba kujera, amma injin yana tashi.

Na ɗauka washegari zai kama walda. Sai na ga ya tara gora da igiya da manyan kwalaye na firji da maƙwabcin ya roƙo masa a kasuwa. Na ce masa ko wasan yara zai koma. Ya yi dariya ya ce in zauna ya gaya mini. Wani abokin aikinsa a bariki, wanda ya taɓa aiki a kamfanin harhaɗa motoci, ya ba shi labarin yadda ake fito da sabuwar mota. Ba a fara ta da ƙarfe. Da yumɓu ake fara gina jikinta, daidai girmanta, a zagaya ta a duba, a kankare nan a ƙara can. Daga nan a ƙera 'yan kaɗan da hannu, a zaunar da mutum-mutumi a ciki, a ƙwala su da bango da gangan a ga inda za su lauye. Waɗannan motocin ba a sayar da su, ba a ɗaukar kowa a ciki. An yi su ne don duk aibin da ke jikin motar ya fito fili tun babu rai a cikinta. Daga baya ɗanmu ya turo masa bidiyon irin wannan gwajin a waya, ya yi ta maimaita kallonsa har na haddace ƙarar karon.

Ya ce ni ma ai haka nake yi, ba na sa almakashi a leshin mutane sai na yanka takarda na gwada. Da wannan maganar ya jawo ni cikin aikin. Shi yana awo yana faɗa, ni ina yanka takardar buhun siminti, mu ɗora a kan kwali mu fitar. Cikin 'yan kwanaki wani abu mai kama da ƙaramin ɗaki ya tsaya a kan keken, an ɗaure shi da igiya, rubutun kamfanin firji a juye a gefensa.

Ni ce mara lafiyar farko. Ya kira mata biyu daga cikin zumuntar matan cocinmu, ya ce su ɗauke ni kamar ba na iya motsi su shigar da ni. Ƙofar a gefe take. Suka shigar da kaina, ƙafafuna suka ƙi shiga, suka juya ni, kafaɗata ta yage kwalin. Muka yi ta dariya har ɗayar ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Shi bai yi dariya ba, tsayawa ya yi yana kallon inda kwalin ya yage. Ya ce da uwarsa ce, da a nan za a sake karya ta. A ranar ya mayar da ƙofar baya, yadda za a zura mutum a miƙe.

Bodi na biyu da katako ya yi shi. Shi ma ni na kwanta a ciki, ya tada injin yana zagaya fili da ni a hankali. Ba a jima ba na ji bayana yana ɗaukar zafi, ashe gadon yana daidai saman bututun hayaƙi. Ga kuma ƙafafuna suna leƙowa waje, ni da ba doguwa ba. Ya sauke ni, ya ɓaɓɓalle katakon, muka dafa abinci da shi har ya ƙare. Wannan lokacin shi ne mafi daɗi da na sani a zamanmu tun dawowarmu gida. Da safe yana waƙar coci yana awo. Ni na ɗinka katifar, na sa mata leda mai kauri saboda jini, na ɗinka labulen tamfol na gefe da 'yar taga ta raga.

A kan na uku ne, na ƙarfe, na fara ganin abin da ban gane ba. Zai ajiye guduma a gefensa, ya juya yana nemanta, tana nan kusa da gwiwarsa. Ya buge kafaɗa da ƙofar ɗaki har sau da yawa. Layin waldarsa da aka san shi da shi, mai kyau kamar ɗinkin keke, ya fara karkacewa. In na yi magana sai ya ce hasken walda ne, zai wuce. Na sa masa ido kawai, don shi ba mutumin da ake ja zuwa asibiti ba ne.

Duk da haka ya gama shi. Ya ɗaga gadon sama don ya tsere wa zafin bututun, kuma don kada ƙasan keken ya riƙa dukan duwatsu. Ya yi masa rufin langa-langa, ya shafa farin fenti. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa kallo, har fasto ya zo ya yi addu'a a kansa. Wasu suka ce a fara aiki da shi kawai. Maigidana ya ce tukuna, ba a gwada shi a kan hanyar da aka yi shi dominta ba.

Ƙanensa ne ya tuƙa ranar gwajin, don shi manomi ne da ya san kowane dutse na hanyar, kullum a kan babur yake. Aka kwantar da buhunan dawa a kan katifata daidai nauyin mutum, aka zaunar da wani buhun a kujerar mai jinya. Maigidana ya ɗaure bokitin ruwa a ciki, ya ce yawan ruwan da ya zube shi zai nuna masa yawan jijjigar. Mu kuma muka bi su a baya a kan baburan kabu-kabu. Hawan ya yi kyau. Keken ya yi ta gurnani yana hawa har cikin ƙauye, yara da manya suka fito suna tafi. Da aka duba bokitin, ruwan da ya zube kaɗan ne. Na ga fuskar maigidana cike da farin ciki a lokacin, kuma ban ƙara ganinta haka ba.

A saukowa ne abin ya faru. Akwai wata gangara da ke da kwana a ƙarshenta, hanyar ta karkata gefe guda. Ƙanen nasa yana tafiya a hankali, ƙafarsa a kan birki. Ina kallo tayar baya ta hagu ta ɗaga daga ƙasa, ta tsaya a sama kamar tana shawara, sannan duk abin ya kwanta ta dama. Ƙanen ya yi tsalle ya dira, gwiwar hannunsa kawai ta goge. Keken ya mirgina ya daki dutse. Ƙofar baya ta ɓalle, buhun da ke kan gado ya fito ya fashe, dawa ta watsu cikin ciyawa.

Maigidana ya sauka ya je ya durƙusa wurin buhun, ya daɗe yana shafa inda ya fashe. Da ya tashi sai ya ce gara da abin ya faru yau. Ya ce ya ga laifin: gadon ya yi sama da yawa, rufin ya yi nauyi, tayoyin baya kuma sun matsu da juna. Za a sauke gadon, a karkatar da bututun hayaƙi, a buɗa tayoyin, a mayar da rufin na tamfol. Matan ƙauyen suka zo da ƙorai suka tsince dawar.

Aka tada keken aka jawo shi gida. Ya bubbuge inda ya lotsa, ya mayar da ƙofar, injin bai sami komai ba. Amma ranar da ya ɗauki abin walda zai fara babban gyaran, sai ya kasa ganin inda bakin ƙarfe biyu suka haɗu. Ya ƙone yatsansa. A ranar da kansa ya ce in raka shi asibiti.

Daga nan aka tura mu babban asibiti a Sakkwato. Likitar ido, wata mace mai haƙuri, ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa daga gefe-gefe bai sani ba. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa zai rage saurin tafiyar sauran ne kawai. Na tambaye ta ko akwai aikin da za a yi, ko a wani gari. Ta girgiza kai. A motar dawowa, da muka kusa gida, sai ya tambaye ni ko na rufe keken da tamfol kafin mu fito.

Mun nemi mai walda. Maƙwabcinmu ya kawo wani mutumin kirki da ke ƙera ƙofofi da tagogi. Ya zo ya saurara, ya yi kwana biyu yana aiki, amma hannunsa na ƙofa ne. Maigidana zai bi aikin da yatsa ya ce a yanke a sake, mutumin ya yanke ya sake, a ce a kuma yankewa. Ga masu ƙofofi suna jiransa. Ya ba da haƙuri ya tafi, ban ga laifinsa ba. Wani ya zo bayansa, shi ma haka. Ni da na san kowane awo na motar nan da ka, ban iya riƙe abin walda ba. Na gwada sau ɗaya, tartsatsin ya sa na yar da shi. Keken ya zauna a rumfa yadda yake ranar da ya faɗi, gado a sama, tayoyi a matse.

Da damina ta yi nisa, wata safiya ana yayyafi, ƙanen maigidana ya shigo gidan a jiƙe, ko sallama bai yi ba. Matarsa tana da tsohon ciki. Ya ce tun asuba take zubar da jini, ungozoma ta ce kada a kuskura a ɗora ta a babur. Ya ce a ba shi makullin keken.

Maigidana yana zaune a baranda. Ya juya fuskarsa wajen muryar ƙanensa ya ce, “Kai ka tuƙa shi. Ka ga abin da ya yi.”

“Na gani, Yaya. Zan bi a hankali. In mun zo gangaren zan sauka, mu riƙe shi da hannu, akwai maza.”

“Ranar nan ƙasa a bushe take ya kife. Yau laka ce. In ya fara tafiya da nauyi a kansa, mutum goma ba za su riƙe shi ba.”

“To in bar ta ta mutu a ɗaki?”

Makullin yana aljihun rigar maigidana, na ga ya dafe aljihun da tafin hannu. Ƙanen ya durƙusa a gabansa cikin ruwan da ke zuba daga bakin kwano, ya koma yarenmu yana roƙonsa, yana kiran sunan uwarsu. Ni ma na sa baki. Na ce, “Baban yara, ka ba shi. Allah zai kiyaye.” Har yau ban san ko daidai na faɗa ba. Ya ce da ni a hankali, ba zai sa mace mai ciki a inda buhu ya fashe ba. Ya ce su ɗauko ta a kan ƙyauren ƙofa su sauko da ita da ƙafa, shi zai sa a kai mota ta jira su a inda hanya ta ƙare.

Ƙanen ya tashi ya fita bai waiwaya ba. Maƙwabcinmu ya rufe shagonsa ya samo mota, na shiga muka tafi bakin tudun. Muka tsaya a nan cikin ruwa muna kallon hanya. Ba abin da za mu iya yi sai kallon. Rana ta yi tsaka ta fara karkata kafin muka hango su, maza suna karɓa-karɓa, an lulluɓe ta da leda, laka har gwiwoyinsu. Na riƙe kanta a cinyata har asibiti. An ceto ta da ƙyar bayan an ƙara mata jini. Jaririn, namiji, bai zo da rai ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce da an iso da wuri da wataƙila an same shi. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, ba ta san komai game da keken ba. Amma ƙanen maigidana yana tsaye ya ji. Da na jawo maigidana ya zo dubiya washegari, ƙanen ya tashi ya bar ɗakin. Matar ta amsa gaisuwarmu da ka, ta mayar da fuskarta bango.

Maganar ta zagaya. A coci wasu suka ce ya yi daidai, da keken ya kife da uwa da ɗa duk za a rasa. Wasu suka ce taurin kan soja ne, ya fifita ƙa'idarsa a kan jinin gidansu. Kowa ya zo wurina yake faɗa, ba mai faɗa masa. Ni kuwa na yi ta juya abin a raina ina ɗinki. Wata rana in ga keken ya sauko lafiya da ita, an ji kukan jariri. Wata rana in ga tayar nan ta hagu tana ɗagawa. Ban taɓa iya tsayawa a kan ɗaya ba. Sau ɗaya na tambaye shi ko yana nadama. Ya ce ko yau aka sake zuwa ba zai bayar ba, kuma ko yau ba zai iya cin abinci ba in ya tuna. Daga nan ban sake tambaya ba.

Ɗanmu ya zo hutu da Kirsimeti, ya ce zai ƙarasa aikin. Ya iya walda kaɗan. Uban yana zaune a kan benci yana faɗa masa, shi yana yankawa. Sun sauke gadon, sun fara buɗa tayoyin baya, sai aka kira shi a waya aka ce ya koma bakin aiki. Ya tafi ya bar keken a kan duwatsu, taya ɗaya a cire. Ya ce in ya sake samun hutu. Inda aka tura shi ba a cika ba da hutu ba.

Idon ya ci gaba da tafiya duk da maganin. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Ƙanensa yana gaishe mu in mun haɗu wurin jana'iza ko ɗaurin aure, gaisuwar da ake yi wa kowa. Matarsa ta sake haihuwa lafiya, a gari ta zauna wurin 'yar'uwarta tun cikin yana ƙarami. Ba a aiko mana ba, a bakin mutane muka ji. Na ɗinka 'yan riguna na aika, an karɓa.

Bara wani mutum daga Ribah ya zo ya ce yana son keken don jigilar amfanin gona. Na zaci maigidana zai ƙi. Sai ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: a cire bodin a yayyanka shi a gabansa, kada wani ya gan shi da gado a ciki ya ɗauki mutum. Mutumin ya zo da mai yankan ƙarfe. Na fito masa da kujera ya zauna a bakin rumfa, hannuwansa a kan gwiwa, yana sauraron injin yankan. In an yar da wani yanki ƙasa sai ya tambaye ni wanne ne, in ce rufin ne, in ce ƙofar baya ce, ya gyaɗa kai. Da aka gama ya sa aka miƙo masa guntayen ya shafa su ɗaya bayan ɗaya don ya tabbata. Masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe su da yamma.

Mutumin Ribah ya mayar da tayar, ya tada injin ya fita da keken tsirara. Maigidana ya bi ƙarar da kunne har ta ɓace a kan titi. Sannan ya miƙo mini hannu ya ce rana ta dame shi, in kai shi ciki.